Babanmu ya yi ritaya amma kullum ƙarfe bakwai ya shirya tsaf, ga faɗa ba gaira ba dalili

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema akan mahaifinmu. Akanta ne a wata ma'aikatar jiha anan Kano, ya cika shekara 35 yana aiki yayi ritaya, yanzu wata bakwai kenan. Mu murna muka yi har walima muka haɗa masa don mutum ne da tun muna yara bamu taɓa ganin yayi fashin ofis ba, to amma tun daga lokacin gidan ya rikice. Har yau in ya dawo daga asuba sai yayi wanka ya saka manyan kaya da hula da agogo, bakwai daidai yana falo yana jiran shayi, in aka makara ko da minti goma ne ranar ba mai sakewa a gidan. Yana gama karyawa sai ya zauna kawai ba inda za shi. Can sai ya miƙe ya shiga kicin da sito, wa ya bar famfo, me yasa mai ya ƙare da wuri, ina canjin jiya, har littafi ya buɗe yana rubuta magi da omo. Umma ta gaji wallahi, maƙotan da suke shigo mata hira da hantsi duk sun ɗauke ƙafa. Kwanaki ƙanwata ta matsar da kujerarsa zata yi shara ta manta bata mayar ba, faɗan da yayi sai da Umma tayi kuka. Mun ce masa ya huta, yayanmu ya karɓe cefane gaba ɗaya duk wata yana aiko da kaya, mun hana shi tuƙi saboda tsadar fetur da kuma idonsa da ya fara rauni, amma kamar ƙara zuga shi muke. Ya leƙa tsohon ofis ɗinsu ya dawo bai ce wa kowa komai ba ya shige ɗaki. Garatutinsa bai fito ba tukuna, yaya yana cewa in ya fito a buɗe masa gidan kaji, gwaggonmu kuma tace a nemi addu'a wai ba banza ba. Ni tsoro nake ji Anti, tsufa ne ko wani ciwo ne, kuma ya za mu yi ya saki wannan tsarin nasa ya huta kamar kowa?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ku ladan biyayya.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe kuma amsar ba za ta zo yadda kike so ba, kar ku raba Baba da tsarin nan nasa, kar ma ku gwada. Wankan nan na safe da manyan kaya da shayin ƙarfe bakwai su ne suka rage masa a hannu kuma su suke riƙe da shi, da ace kin rubuto min cewa ya daina wanka, jallabiyar da ya kwana da ita da ita yake wuni, to da hankalina ya fi haka tashi nesa ba kusa ba. Ki sake karanta wasiƙarki da kyau za ki ga daga asuba zuwa gama karyawa komai nasa lafiya lau yake tafiya, rigimar tana farawa ne daga ƙarfe takwas zuwa azahar, lokacin da jikinsa ya gama shirin fita amma babu wajen zuwa. Wannan awa biyar ɗin ita za ku yi wa aiki.

Kinsan yadda bayan ƙaramar sallah mutum yake farkawa daidai lokacin sahur, kwana da kwanaki, ba wanda ya tashe shi ba abin da zai ci, jiki ne kawai ya saba a wata guda. To Baba shekara 35 yayi. Dokar aikin gwamnati cewa tayi shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki duk wadda ta riga zuwa, sai wasu kaɗan irin malaman makaranta da dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40, kuma dokar nan ba ruwanta da ko mutum ya gaji ko bai gaji ba, yau Juma'a ana kawo maka fayil ana ranka ya daɗe ana jiran sa hannunka kafin a biya mutane albashi, Litinin na zuwa ba wanda yake jiranka a ko'ina. Wanda ya kama aiki yana ɗan ashirin da uku zai fita bai ma cika sittin ba, da ƙarfinsa da hankalinsa. Mu kuma iyali sai mu yanka rago mu ce alhamdulillah a huta, ba wanda ya tambaye shi me zai yi da safiyar gobe.

An daɗe da gane abin nan. A ƙasar Ostiriya akwai wani ƙauye Marienthal da kusan kowa a masaƙa ɗaya yake aiki, masaƙar ta rufe wajajen 1930, sai wasu masu bincike suka je suka zauna cikin mutanen suna lura da su, suka fitar da abin da suka gani a 1933. Kowa zai zaci tunda mazan sun samu lokaci za su yi ta karatu da tarurruka, ina, aron littafi a laburaren garin raguwa yayi sosai duk da an cire kuɗin aron, yawancin mazan suka daina ɗaura agogo, hatta tafiyarsu akan titi ta koma ta saɓa-saɓa suna yi suna tsayawa, in aka ce su faɗi me suka yi tsakanin safe da rana sai su kasa. Matansu kuwa basu lalace haka ba, saboda girki da wanki da yara basu rufe ba, yininsu yana nan da farko da ƙarshe. Duk wanda ya zauna a Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu suka dinga rufewa a shekarun 2000 ya ga irin haka da idonsa, magidanta a gindin bishiya tun safe. Ɗaya daga cikin masu binciken, Marie Jahoda, daga baya tayi bayanin cewa bayan albashi aiki yana ba mutum wasu abubuwa da baya ma lura da su sai ya rasa su, yana yanka masa yini gida gida, yana haɗa shi da mutanen da ba 'yan gidansu ba, yana sa shi cikin wata hidima da ta fi shi girma, yana ba shi suna da matsayi, kuma yana tilasta masa motsi kullum. Ki auna Baba da waɗannan, a rana ɗaya duk suka tafi, sai guntun na farkon da ya riƙe da haƙora, shi ne kuma kuke so ya saki.

Yanzu bari in faɗa miki wadda ba za ta yi daɗi ba, kuma na san da kyakkyawar niyya kuka yi. Abu biyun da suka rage masa na fita da na zama maigida ku kuka karɓe. Cefane a wajen magidancin Bahaushe ba buhun shinkafa bane kawai, shi ne a ce Malam gishiri ya ƙare, shi ne ya tsaya wajen mai nama su yi ciniki su yi barkwanci, ya shigo da leda yara su taho da gudu su karɓa ana sannu da zuwa. Yayanku ya ɗauke masa nauyi, Allah ya saka masa, amma ya haɗa da ɗauke dalilin da zai sa a nemi Baba. Kun karɓe makullin mota, shikenan ƙafarsa ma ta yanke. To mutumin da ya shekara 35 yana bin diddigin kobo, ka zaunar da shi a falo ba lissafin da zai yi, me kike zato zai lissafa in ba magi ba. Ni littafin nan nasa bai ba ni haushi ba tausayi ya ba ni, mutum ne yake neman aikinsa a inda ya samu.

Don haka abu na farko ku mayar masa da cefane, cikin satin nan. Yaya ya daina aiko da kaya a mota, ya dinga turo kuɗin ta asusun Baba, ko ya kawo ya durƙusa ya miƙa masa yace Baba ga wannan a ƙara a hidimar gida, shi ya fi mu sanin abin da ya kamata. Manyan kaya irin shinkafa da mai da masara Baba ya je ya saro da kansa, ko Dawanau ce ko Singa ko 'Yankaba, jika ko ɗan maƙota ya raka shi ya ɗauko, kayan miya kuwa kullum ne ko bayan kwana biyu, kinga ya samu fitar ƙarfe takwas da rabi kenan wadda ba ƙirƙirarta aka yi don a lallaɓa shi ba. Dattijai suna gane aikin bogi da wuri, in kuka ce ya dinga zagaya unguwa don motsa jini zai ce shi ba mahaukaci bane, amma in Umma tace tumatir ɗin da yaran nan suke sayowa ruɓaɓɓe ne kuma cutarsu ake, wallahi za ki ga ya ɗauki hula. Tafiyar ƙafar kuma ta zo a ciki kyauta, hukumar lafiya ta duniya minti 150 a sati take cewa babba ya samu na motsa jiki matsakaici, rabin awa sau biyar kenan, zuwa kasuwar unguwa da dawowa ya biya.

Maganar mota kuma, in idonsa ne damuwar to likitan ido ne zai yanke hukunci ba ku ba. Ku kai shi a duba, Kano ba ta rasa asibitocin ido ba, akwai na ECWA akwai sashen ido a asibitin Malam Aminu Kano, in tabarau ne a yanka masa, in yanar ido ce aiki ne da ake yi kullum mutum ya dawo yana gani tar, in kuma hawan jinin ido ne gara a kama shi da wuri don shi abin da ya cinye baya dawowa. In likita yace ya iya tuƙin rana ku ba shi makullinsa ku sa masa mai daidai ƙarfinku, in yace a'a to daga bakin likita ya ji, ba 'ya'yan cikinsa ne suka ƙwace masa mota ba, akwai bambanci sosai a zuciyar uba.

Abu na biyu ya fi cefane muhimmanci amma ya fi shi ɗaukar lokaci, a samo wajen da ake buƙatar akanta. Ki duba unguwarku kawai, masallacin da ake tara kuɗin gini a kwali ba wanda ya san nawa ya shiga nawa ya fita, islamiyyar da malamai suke rigima da hedimasta akan kuɗin wata, ƙungiyar unguwa mai tara kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma, gidauniyar marayu, rabon gado da ake neman mai iya lissafi ya zauna kusa da malami. Duk waɗannan wuraren kuka suke da rashin mutum mai amana da ya iya riƙe littafi, ga shi ku kuna da shi a falo yana ƙirga omo. Ga kuma 'yan uwansa 'yan fansho, da yawansu takardu ne suke ba su wahala lokacin tantancewa, wasu ma basu gane bambancin tsohon tsari da na adashen fansho da aka kawo a 2004 aka gyara a 2014 ba, basu san me za su tambayi kamfanin da yake riƙe musu kuɗi ba, mutum irin Baba in ya shiga reshen ƙungiyar 'yan fansho sati biyu ya isa a fara nemansa a waya. Bin sawun garatutinsa ma ku bar masa kayansa, kar wani ya ce Baba zauna zan je maka.

Amma fa ki kula da yadda maganar za ta je masa. In ke ko yaya kuka ce Baba mun samo maka abin yi, kun kashe maganar, zai ji kamar yaro ake nema wa makarantar hutu. Ki samu amininsa, kowane dattijo yana da mutum ɗaya da in ya faɗa masa magana yake ji, ko limamin masallacinku ko mai unguwa, yaya ya je ya same shi a asirce ya faɗa masa halin da ake ciki, su kuma su zo da kansu su ce Alhaji mun rasa yadda za mu yi da lissafin nan ka taimaka mana don Allah. Roƙonsa za a yi, kuma ba ƙarya a ciki tunda da gaske suna buƙata. Sannan a sa wa abin rana da lokaci, misali Litinin da Laraba ƙarfe tara a ofishin islamiyya, don mutum irin Baba in aka ce masa ka dinga leƙowa in ka samu dama ba zai je ba, in aka ce ƙarfe tara kuwa tara saura kwata yana bakin ƙofa.

In mai sha'awar karatu ne wannan ma babbar ƙofa ce, dattijai nawa ne suke cewa in na yi ritaya zan koma in gyara karatuna, ga zaurukan malamai ana darasi bayan asuba da hantsi da tsakanin magariba da isha. A ƙarshen Alam Nashraha Allah cewa yayi da Annabi SAW idan ka gama to ka sake dagewa, kuma Nana A'isha ta ruwaito a Bukhari da Muslim cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Mutumin da bai taɓa fashin ofis ba an riga an gina shi akan dawwama, shafi ɗaya kullum a gaban malami ba zai gagare shi ba. Salloli biyar kuma dama sun yanka masa yini, ku dai ku cike masa tsakankaninsu.

Kar ku jibga masa duka a sati ɗaya. Ku fara da cefane, in ya zauna a kawo na biyu. Kuma kar ki sa ran ganin canji nan da Juma'a, wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2009 ya nuna sabon abu yana ɗaukar kwana 66 a matsakaici kafin ya zama jiki, wasu 18 ya ishe su wasu sai da lissafi ya kai 254, wannan fa ƙananan abubuwa ne irin shan ruwa bayan karyawa, balle sake wa dattijo fasalin yini gaba ɗaya. Wata bakwai a wajenku ya yi tsawo saboda ku kuke shan faɗan, a wajensa jiya jiya ne.

Kujera kuwa a bar masa kujerarsa a inda take, shayi a kai bakwai daidai. Na san za ki ce ai wannan biye masa ne, eh biye masan ne kuma ba laifi, abu ne da ba ya cin kuɗi ba ya cutar da kowa. Mutumin da manyan abubuwa suka kuɓuce masa ba da shawararsa ba yakan damƙe ƙananan da ƙarfi, faɗan da yayi ranar nan rabinsa na kujera ne rabinsa na ofishin da ya je ya tarar wani a teburinsa, yaran da ya koya wa aiki suna gaishe shi a tsaitsaye suna duba agogo. Shirun da yayi ya shige ɗaki ya isa ya gaya miki yadda ziyarar ta kasance, kar ki tambaye shi, kar kuma ku ƙarfafa masa komawa. Abin da zai taimaka shi ne duk canjin da za a yi a gidan a faɗa masa tun kafin a yi, Baba gobe za mu fitar da kayan falo mu wanke, Baba jibi Umma za ta je suna Rijiyar Lemo shayi zai zo a filas. Irin su ba canjin ne ya fi ƙona musu rai ba kamar a yi shi bagatatan, su tarar an riga an gama kamar basa gidan.

Sai dai akwai iyaka, kuma anan nake so ki tsaya wa Umma. Ita ma fa ritayar nan ta rushe mata nata tsarin kuma ba wanda ya yi mata walima. Shekara talatin da wani abu gidan nan nata ne daga takwas zuwa la'asar, ta san lokacin da take ɗora tukunya, lokacin da maƙociya take shigowa a tsinci shinkafa ana hira, lokacin da take ɗan kishingiɗa, yanzu maigida yana tsakar gida mata kuwa ba za su shigo su yaye mayafi su baje ba, dole su ɗauke ƙafa. Wannan hirar ta hantsi ita ce majalisarta, rasa ta ba ƙaramin abu bane. Shi yasa fitar Baba da safe magani biyu ce. In gidanku akwai zaure ko ɗakin waje ko shago a jikin gida a gyara masa, tebur da kujera da fanka da rediyonsa da 'yar durowa mai makulli ta takardu, ya zama in ya karya can zai nufa ko da ba fita, baƙinsa su same shi a can. Kicin da sito kuma a bar wa mai su, lissafi ya tsaya a bakin ƙofa, ya sayo ya rubuta ya miƙa, yadda za a yi da shi a tukunya ba nasa bane. Wannan maganar ba daga bakinki za ta fito ba, ba kya gyara wa uba zama da matarsa, aminin nan nasa ko wani yayansa ko ita gwaggon in tana da baki a wajensa su za su faɗa masa cikin raha, cewa Hajiya fa ta yi kuka rannan. Sau da yawa irinsu basu ma san zafin maganarsu ya kai haka ba, a ofis haka suka saba yi wa na ƙasa da su ba wanda ya taɓa kuka a gabansu.

Gidan kaji, dan Allah ki ce wa yaya ya dakata. Garatuti sau ɗaya ake ba mutum a rayuwa, kuma ranar da ya fito za ki ga masu shawara sun yi layi, wannan yace kifi wannan yace kaji wannan yace akwai wani kamfani da yake ninka kuɗi a wata, mun ga yadda MMM ta yi da mutane a ƙarshen 2016 kuma har yau irinta basu daina fitowa da sabon suna ba. Kiwon kaji sana'a ce ta gaske amma tana son wanda ya san ta, abincinsu kaɗai ya isa ya cinye jari, cuta ɗaya ta shiga cikin dare ta kwashe rabi, ga zafin Kano na watan Afrilu. Bai kamata a zuba kuɗin tsufan mutum a sana'ar da bai taɓa yi ba don kawai a samar masa wajen zuwa da safe. In shi da kansa yana sha'awa ya fara da kaɗan a bayan gida da kuɗin da in sun tafi ba za a yi kuka ba, ya shekara yana koyo yana rubutawa a littafinsa, shi akanta ne lissafin zai gaya masa gaskiya.

To sai tambayarki ko ciwo ne. Daga abin da kika rubuta ni ban ga alamar ruɗewar tsufa ba, mutumin da ya san canjin jiya naira nawa ne ƙwaƙwalwarsa tana aiki, amma ni ba a gabana yake ba kuma wasiƙa ba ta isa a yanke hukunci. Ki sa ido akan waɗannan. In ya fara tambaya ɗaya sau uku a zama ɗaya, ko lissafin littafin nan ya fara rikice masa, ko ya ɓata a hanyar da ya saba bi, ko ya ajiye abu ya manta yace an sace, to a ga likita. Ɗaya ɓangaren kuma ciwon damuwa ne, kuma a wajen dattijai maza ba lallai ya zo da kuka ba, yakan zo da faɗa da ciwon jiki da rashin barci. In kika ga ya kai sati biyu baya jin daɗin komai, abinci ya ragu yana ramewa, yana farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, ya fara sallah a gida alhali da baya rasa jam'i, ko yana maganganu irin na zama kaya, ni da babu duk ɗaya, wannan ba na jira bane, akwai sashen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam, akwai asibitin Dawanau, kuma ciwo ne da ake magani a warke. In kuwa rana ɗaya ya rikice farat ɗaya, ko baki ya karkace ko magana ta sarƙe ko hannu ya saki, a wannan awar za a tafi asibiti ba a jira gari ya waye ba.

Ko ba ko ɗaya cikin waɗannan ina so a duba shi gaba ɗaya, hawan jini da suga da kunne da kuma yawan tashi fitsari da dare, don mutumin da baya ji sosai ko baya samun barci dole ya zama mai saurin fushi, kuma maza basa faɗar irin wannan wa 'ya'yansu mata. Tunda za a je duba ido sai a haɗa duka a rana ɗaya, yaya ne zai raka shi ba ke ba, ya fi sakewa ya yi wa likita bayani.

Gwaggo kuma kar ki yi musu da ita, addu'a ba ta taɓa yin yawa ba, a yi ta a gida, Umma ta yi ku yi shi ma ya riƙe azkar ɗinsa na safe da yamma. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a fara yawo da sunansa wajen masu cewa an yi masa asiri a ofis ko wata ce a dangi, daga nan sai a kwashe kuɗi a bar ku da gaba da 'yan uwa, kuma in ya ji labari cewa iyalinsa suna ganin ya taɓu zai ji ciwon da ya fi na ritayar. Ki ce mata an gode a ci gaba da sa shi a addu'a, in kuma tana son ta taimaka da wani abu to ga maganar Umma nan, ita ta dace ta same shi da ita tunda 'yar uwarsa ce.